Ƙasan Faranti

"Waɗannan ba mabuƙata ba ne," abokin aikinta ya raɗa mata. "Dubi kujeru, dubi agogon bango."

Gidauniyar tallafin karatu ce ta turo su Auyo, su duba ko 'yar gidan ta cancanci a biya mata kuɗin jami'a. Uban yarinyar, wani masunci, ya sha babbar riga, yana ta tura musu soyayyen kifi. "Ku ci mana, 'ya'yana. Kamun safiyar nan ne."

Ƙamshin ya mayar da ita Haɗeja, shekara goma sha biyu baya. Ranar da masu dubawa za su zo gidansu, babanta, wanda shi ma masunci ne, ya ce ba a nuna wa baƙo tsiraicin gida. Ya zaga maƙwabta ya aro komai. Baƙin suka ci suka ƙoshi, suka rubuta cewa gidan na da hali. Kwalekwalensa ya sayar ta shiga jami'a. Har ya rasu, kullum da la'asar yana bakin kogi, yana yi wa masunta sannu da aiki.

Ta cinye kifinta tas, sannan ta juya farantin. A ƙasansa an ɗiga jan farce, shaidar da mata ke yi wa kayansu kafin su ba da aro. Ta juya na abokin aikinta: shuɗin fenti, shaidar wani gidan daban.

Ta rubuta "ta cancanta", ta ɗago.

"Baba," ta ce, "a gaida maƙwabta."