Da Damina Ya Tafi

Ina aji uku a elementaren Bebeji, Baba ya ce in karanta masa littafin da malaminmu ya ara mini. In ya ji amfani, in ci gaba da boko; in babu, gona.

Yana tufka igiya a zaure, ina karanta labarin mutumin da ya bar gonarsa, ya shiga duniya neman dalilin rayuwa.

“Dakata. Da rani ya tafi ko da damina?”

Littafin bai faɗa ba. Na ce, “Da damina, Baba.”

Ya yi dariya har igiyar ta suɓuce. “Ashe gudun noma ya yi! Ɗauko fartanya.”

Da na ce rani, ai ɗan ci-rani ne, mutumin kirki. Da yanzu ina ofis ina shan fanka.