Igiyar Wajen Kai

Rab Kinloch, sunan wasa da ya laƙaba wa kansa, ya sauko daga jirgin ƙasa cikin kwat mai gashi a wuya, mai ɗaukar hoto na wata jarida yana biye da shi. Ƙarnin kifin ƙauyen ya doke shi, ya toshe hanci da hankici, wai shi bai saba ba.

Jana'izar Wattie Pirie ce ta kawo shi, tsohon masuncin da duk ƙasar ta sani ba ta taɓa gani ba. Shekara ashirin Rab yana kwaikwayonsa a majigi da rediyo: ɗingishin, da tarin nan kafin magana, da rowar da ke sa shi kashe fitila in zai yi addu'a. Mutanen Landan su yi ta dariya har da hawaye. Da wannan ya ci abinci, don in ka cire Wattie, Rab bai iya komai ba.

Yanzu an gaji da shi, gidan rediyo na shirin sallamarsa. Hoto ɗaya ne zai cece shi: ga shi a bakin kabari, ido jajir, riƙe da igiyar wajen kai. A al'adar ƙauyen, da igiyoyi takwas ake saukar da akwatin gawa kabari, kowacce da mai ita, ta kai kuwa ita ce ta girma. Shi a ganinsa tasa ce, ba sai an tambaya ba.

A gidan makoki ya sunkuya wa gajeriyar ƙofar ba tare da ya dube ta ba. Aka miƙo masa shayi a kofi mai tsage da busasshiyar waina, ya ajiye. Ba wanda ya gaishe shi. Wai waɗannan ne za su hana shi gaisuwa? Mutanen da ba su taɓa wuce tasha ba?

Erchie, ɗan mamacin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da baƙo ka zo?"

"Abokin aiki ne."

"To. Ashe aiki ka zo."

A maƙabarta iska na kaɗa huluna. Rab ya zaɓi inda haske zai faɗa masa a fuska, ya gwada rawar leɓe sau biyu. Ta yi.

Limamin coci ya fara kiran masu igiya, daga ƙafa kamar yadda suke yi a nan. Erchie ya fito ya kama tasa. Sai surukai, sai masunta masu kaushin hannu. Rab yana ƙirgawa, yana dariya a ciki. Saura ɗaya.

Ya cire safar hannu, ya ɗaga ƙafa.

"Igiyar kai," in ji limamin, "Dod Mair."

Wani tsohon maƙwabci ya ratsa ta gabansa ya kama. Fitilar hoto ta haska daidai lokacin da Rab ke tsaye hannu a miƙe, baki buɗe.

"Erchie, wannan wane irin wulaƙanci ne? Ka san ta wa ce!"

Erchie bai ko ɗago ba, yana sakin igiyarsa a hankali.

"Na sani, Yaya, ta babban ɗa ce. Amma Baba ya ce ka gama jan sa a ƙasa yana raye, ba kai za ka sa shi a rami ba."