Jan Gero

"Ko mu ɗauki dokin nan naka zuwa Katsina yanzu, ko in yi masa allurar da za ta hutar da shi," in ji likitan dabbobi. "Amma, Baba, ba na jin zai kai."

Tsohon telan ya yi masa kallon sama da ƙasa. Jiya-jiyan nan ya hango likitan a bakin bodar Jibiya yana shan shayi da maƙwabcin shi telan, wanda ya taya dokin sau uku aka hana shi. Yau ga dokin kwance, kumfa a baki, ƙafafu na karkarwa. Ai ba banza ba.

"Ka faɗa mini wanda ya ba shi guba tukuna."

"Me ya ci?"

"Gero. Da hannuna nake ba shi, ban yarda da kowa ba. A boda na samu da araha. Ja ne, amma sai da na wanke shi tas."

Likitan ya kama hannun dattijon, ya juya shi a hankali. Jan maganin ƙwari mai guba da ake cuɗa irin shuka da shi na nan a tafinsa, har cikin farce.