Sandar Gaba

A tsakiyar hawan da ke kaiwa dandalin Praça Municipal sandar gaba ta kujerar ɗaukar mutane ta karkace. Tsohon da ke riƙe da ta baya ya ji a kafaɗarsa tun kafin abokinsa da ke gaba ya durƙusa. Shekara da shekaru suna ɗaukar attajiran birnin Salvador a wannan kujerar haya mai labule, kuma duk unguwar abokin nan kaɗai ya rage wa tsohon da za su yi hira da Hausa.

Baturen da ke ciki ya fito yana zagi, ya ƙarasa da ƙafa.

Abokin ya dafe ƙirji, ya yi amai, gumi mai sanyi ya jiƙa rigarsa. Tsohon ya laluba jijiyar wuyansa. Ya zaci zai ji zuciya tana sukuwa, sai ya ji tana jan ƙafa: bugu ɗaya, dogon shiru, sannan wani. Jini ya kasa hawa kai.

Mutane suna ta ihu a zaunar da shi. Tsohon ya ƙi. Ya kwantar da shi a gangaren, ƙafafu sama, kai ƙasa, yadda 'yan dako ke yi wa wanda jiri ya kayar.

Idanun abokin suka buɗe. "Ɗan'uwa, mun kai?"

"Rufe min baki. Gida za mu."

Tsohon ya cicciɓe shi ya sa a kujerar, ya ruga baya, ya saɓa sandarsa kamar kullum.

"Bismillah, ɗaga!"

"Na ɗaga," in ji abokin ƙasa-ƙasa, daga bayan labule.

Sandar gaba tana kwance a kan duwatsun hanya, babu mai ɗaga ta.