Hanyar Damagaram a Buɗe Take

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya zukata.

Safara'u 'yar Doguwa ta daɗe tana korar manema, tana cewa iyakar mulkin Faransa ce ta tsare masoyinta Ɗantani a Damagaram. Da ya dawo, ya same ta a zaure.

"Ki amince mu koma tare," ya ce. "Hanya a buɗe take, ko takarda ba a tambaya."

"Tun yaushe, Malam?"

"Ai tun can da ma."

Ta ɗago ido, ta rasa murna za ta yi ko kuka. "To, me ya hana ka zuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta shige gida, ba ta san amsar da za ta ba mahaifinta kan maganar aurenta da Ɗantani ba.

Allah Ya jiƙan Safara'u da rahamarsa.