Kyanwar da Ba Ta Haye Gada Ba

"Ajiye buhun nan, Yaya," na ce, na tare ƙofa. Kyanwarmu ce a ciki.

Haka ake yi a gidanmu: in kyanwa ta kwanta ciwo, sai a ƙunshe ta a buhu, a tsallakar da ita gadar Shagwa don kada ta gane hanyar dawowa.

"Likita ya ce ƙodarta ta lalace," in ji shi. "Wahalar banza za ki yi."

Na ƙwace ta, na zauna tsakar gida ina ɗiga mata ruwa da sirinji.

Yaya ya manta Baba na kan tabarma, ƙafafunsa a kumbure da irin ciwon nata. Baba ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya ce a miƙo masa maganin da ya daina sha.