Gidan Farko

A duk Argungu, in ji Malam Labbo, babu takardar da za ta shige masa duhu. Ajami kam kowa ya yarda gwani ne, shi ke rubuta wa masunta wasiƙa. Amma ba da shi yake alfahari ba. Boko ne abin taƙamarsa, wanda ya ce cikin wata uku ya haddace shi a wurin wani Bature mai awon fadama. Kullum da hantsi yana ƙofar gida da tabarau da jarida, kuma daga shafin ƙarshe yake buɗe ta, wai can gwamnati ke ɓoye labarin gaske.

Da ɗansa Atiku ya gama sakandare, ya kawo fom ɗin kwalejin Birnin Kebbi, ya ce shi kanikanci yake so. Malam ya fizge takardar. Gidajen zaɓen darussa ne jere gefe da gefe cikin Turanci, na masu share fagen jami'a daban, na masu sana'ar hannu daban. Ya tafi wurin shugaban makarantar su Atiku, wai gaisuwa, ya tambaya a fakaice ina ne na mai son zama lauya.

"Gidan farko, can sama," in ji shugaban.

Malam ya dawo majalisa, ya tsoma alƙalami a tawada, ya dangwala alama a gaban kowa. Ya liƙe ambulan da hannunsa. Tun daga ranar ba ya kiran yaron sai Lauya.

Hutun farko Lauya ya dawo da baƙi a ƙarƙashin farce. Malam ya gani, ya bar shi ya wuce. Hutu na biyu rigarsa na warin man inji. Malam ya faki ido ya buɗe akwatinsa, yana neman manyan littattafan shari'a, sai ya tarar da sifana uku naɗe cikin tsumma. Kashegari kuma Hodi, abokinsa na majalisa, ya zo godiya: injin ban ruwansa da ya shekara a kwance, Lauya ya tada shi kafin azahar.

Malam ya kira yaron zaure.

"Kai, mi aka koya maka can?"

"Abin da kaz zaɓa man, Baba. Allah shi saka."

Har da godiya! Malam ya ji raini bai wuce wannan ba.

Ya zauna ya auna kowa. A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi yaron ke zama, gidan kawunsa Tamba, mai garejin gyaran mota, mutumin da bai taɓa ganin yaro mai ƙarfi ba sai ya miƙa masa guduma. Tamba na shiga kwalejin yana fita yana gyara musu motoci. Me zai hana shi raɗa wa akawun kwalejin magana, a goge alama a sa wata? Ko kuwa yaron ne da kansa? Duk wanda ya gaishe shi da fara'a a makon nan, Malam ya sa shi cikin zargi.

Ranar Juma'a ya rantse a majalisa. In akawu ne, sai ƙara ta kai Sakkwato. In Tamba ne, zumunci ya ƙare. In kuwa Atiku ne, karatu ya ƙare, ya ɗauki fartanya ya shiga shinkafa har tsufa. Uwar yaron ta yi magiya, Malam ya ce rantsuwa ta riga ta fita.

Litinin ya sa babbar riga, ya ɗauki Hodi don shaida, suka hau motar Birnin Kebbi. Suka biya Nasarawa aka taso Tamba, aka kirawo Atiku daga ɗakin koyon aiki da rigar aiki a jikinsa. Malam ya kalli rigar, ya kawar da kai.

Akawun, wani siririn mutum mai suna Abdussamadu, ya saurari ƙarar har ƙarshe bai katse ba. Ya tashi ya daɗe yana tonon kabad, ya dawo da fom ɗin, ya shimfiɗa a tebur.

Malam ya gyara tabarau. Ya ɗaga takardar ya haska ta a taga, yana neman wurin da aka kankare. Babu. Ya shinshina ta. Tawadarsa ce, wadda ya dafa da kansa.

"Ga ta nan!" Ya buga yatsa a kan alamar. "Hannuna na, ba a taɓa ta ba. To don mi kunka kai man ɗa wurin baƙin mai?"

"Malam, karanta mana abin da ke gidan," in ji akawu.

"Tabaran ga sun yi hazo. Amma ai a bayyane yake. Gidan hwarko, can bisa."

Atiku ya sunkuyar da kai. Tamba ya shiga tari. Hodi ya matso yana leƙe.

Akawun ya dubi yatsan, ya dubi Malam, ya sassauta murya, amma ba yadda Hodi zai kasa ji ba.

"Gidan farko ne, Malam, ga mai farowa daga dama. Shi boko daga hagu ake soma shi."